Jiƙo a ruwa, a barasa ko a mai: wanne ne zai ciro abin da kake nema?

Duk wanda ya taɓa manta ganyen shayi a cikin buta ya san ruwa ba ya tsayawa inda aka so ya tsaya. A minti uku na farko ƙamshi da launi yake ɗebowa. Kafin a kai minti ashirin ya ɗebo bauri, irin wanda ke ɗaure harshe, ga shi kuwa ganyen bai sauya ba, ruwan ma haka.

A kan wannan ɗan abu sana'o'i uku suka shafe ɗaruruwan shekaru suna gwaji: masu yin giyar inabi, masu haɗa barasa mai ƙamshi, da masu haɗa magunguna. A littattafansu suna ɗaya suke ba aikin, maceration da Turanci, wato a bar ganye ko ɓawo ko saiwa a cikin wani abu mai ruwa-ruwa har ya yi laushi ya saki abin da ke jikinsa. Likitoci ma suna da sunan a bakinsu, amma su in sun ambace shi ɓarna suke nufi, fatar da ta daɗe cikin danshi har ta yi fari ta fara saɓulewa. Wanda ke riƙe da tsiro yana so ya ciro ƙamshinsa ko maganinsa, abu uku zai yanke shawara a kai: da me zai jiƙa, a wane zafi, kuma na tsawon wane lokaci. Ko mutum bai taɓa kusantar giya ba, kuma ba shi da niyya, akwai abin da zai ɗauka a wurin masu yin ta, domin ba wanda ya kai su auna abin da lokaci ke yi wa jiƙo.

## Abin da masu inabi suka gano game da lokaci

Yanka baƙin inabi ka duba, za ka tarar cikinsa fari ne ko kore-kore. Ban da wasu nau'o'i ƙalilan, launin duk a ɓawo yake. Saboda haka ne a yankin Shamfen na Faransa ake yin farar giya da baƙin inabin Pinot Noir: ana matse shi a hankali, nan take a raba ruwan da ɓawon kafin ya rina shi. In aka bar su tare na wasu awoyi, ko yini guda, sai a sami mai launin hoda. In aka bar su mako ɗaya zuwa biyu suna tsima tare, ja ce za ta fito. Tsofaffin masu yin giyar Barolo a arewacin Italiya sukan kai wata guda ko fiye, giyar ta fito da baurin da sai ta yi shekaru a ajiye kafin ya kwanta. A ƙasar Jojiya kuwa farin inabi ake zubawa da ɓawonsa da ƙwallayensa a manyan tulunan yumɓu da ake binnewa a ƙasa, wani lokaci har wata shida. Hukumar UNESCO ta sa wannan hanya cikin jerin gadon al'adun duniya a 2013.

Abubuwan da ke cikin ɓawon ba tare suke fitowa ba. Sinadarin launi yana narkewa a tsagwaron ruwa, don haka shi ke riga kowa fita. A 'yan kwanakin farko yake kai ƙololuwa, daga nan ya fara raguwa, domin wani ya koma ya manne a ɓawo, wani ya haɗe da wasu sinadarai. Tanin, mai kawo bauri, a hankali yake zuwa, kuma in ya fara ba ya saurin tsayawa. Na cikin ƙwallaye, wanda ya fi kaushi a baki, sai barasa ta fara taruwa ta narkar da ɗan maiƙon da ke lulluɓe da su sannan yake samun hanya. Wanda ya ƙara mako biyu don giyarsa ta ƙara ja, bauri ya ƙara mata.

Daga nan aka fito da jiƙon sanyi, wanda ya yi tashe a yankin Burgundi na Faransa a shekarun 1980. Ana sanyaya dagargajajjen inabin zuwa wajen digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, ko ƙasa da haka, yadda yis ba zai iya fara aiki ba, a bar ruwa kaɗai yana jan launi da ƙamshi na 'yan kwanaki. Masana har yau suna jayayya kan ko wannan ƙarin launi yana ɗorewa bayan an zuba a kwalba. Akwai kuma dabarar da masanin Faransa Michel Flanzy ya gano a 1934, wadda yankin Bojole ya shahara da ita: a zuba inabi ɗungurungum ba a fasa shi ba, a cika tankin da iskar kabon, sai tsimuwa ta fara a cikin kowane ɗan inabi. Launi ya ratsa daga ɓawo zuwa tsoka, bauri kaɗan ne ke biyo shi, shi ya sa ake iya fitar da sabuwar giyarsu ranar Alhamis ta uku ta Nuwamba, 'yan makonni bayan girbi.

Wani darasin ya fi waɗannan amfani ga mai jiƙo a gida. Iskar da ke tashi a tankin tana tura ɓawon sama ya taru ya yi kauri. In aka ƙyale shi, ba ya ba ruwan komai, sannan ƙwayoyin da ke mai da giya khal, wato ruwan tsamin binega, su sami wurin zama. Don haka kullum sai an danna shi ƙasa, ko a ɗebo ruwan ƙasa a kwarara a kansa. A ƙaramar kwalba ma haka ne, duk ganyen da ya leƙo saman ruwa shi ne zai fara fumfuna.

## Masu barasa: ƙarfin abin jiƙo da yadda ake barin ɗaci a baya

Limoncello, barasar lemon tsami ta gaɓar Sorrento da Amalfi a kudancin Italiya, ta isa misali. Saman ɓawon lemon tsami kaɗai ake ferewa, a jiƙa a barasa mai ƙarfin kashi 95 cikin ɗari. Ƙamshin lemo mai ne, yana cikin ƙananan ramuka a fatar ɓawon, ruwa ba ya narkar da shi, barasa mai ƙarfi kuwa cikin 'yan kwanaki take kwashe shi, har ɓawon ya koɗe ya riƙa karyewa. Da an sirka da ruwan sukari sai abin ya yi hazo-hazo, domin man ya rasa mai riƙe shi. Wannan hazon shaida ce ta ido cewa abin da barasa ke ɗauka ba lalle ruwa ya iya ɗauka ba. Farin da ke ƙarƙashin ɓawon kuma ba a bari ya shiga kwalbar, saboda barasar ba ta zaɓe, da ƙamshin da ɗacin duk kwashewa za ta yi.

'Ya'yan itace masu ruwa sun fi jan lokaci. Barasar kasis ta birnin Dijon a Faransa da barasar jin ta 'ya'yan ƙaya na Ingila makonni ne zuwa watanni, domin launi da tsami da zaƙi ake nema daga cikin tsoka.

Masu yin barasar jin suna da mafita wadda sauran ba su da ita. Bayan jiƙo sai su ɗora a tukunyar tururi, abin da ke iya tashi da tururi ya haye, sauran ya zauna a gindin tukunya. Kamfanin Beefeater yana jiƙa 'ya'yan junifa da sauran kayan ƙamshinsa awa 24 kafin a hura wuta. Bombay Sapphire ba ya jiƙawa sam, a kwando yake zuba kayan, tururin barasa ya ratsa su ya wuce, abin da ke fitowa ya fi sauƙi a hanci. Barasar absin, wadda Faransa ta haramta a 1915, ta haɗa hanyoyin biyu. Tazargaden da ake sa mata ɗaci ne da shi na fitar hankali, amma sinadarin ɗacin ba ya tashi da tururi, don haka a tukunya yake zama. Abin da ya haye fari ne tas, sai a sake jiƙa wasu ganyaye a cikinsa na ɗan lokaci don ya yi kore.

Mai aiki a gida ba shi da wannan gata. Tatsar barasa da tururi haramun ce a dokar ƙasashe da yawa in ba lasisi, ga haɗarin gobara. Abin da ya rage masa shi ne ya tsare ƙofa tun farko, ya cire farin ɓawo da ƙwallaye da kara, ya kuma tace da wuri.

## Teburin mai haɗa magani

A nan zaɓin yake da faɗi. Tsarin da kundayen magunguna suka ajiye mai sauƙi ne: a niƙa busasshen tsiro ba lilis ba, a zuba a mazubi mai murfi tare da abin jiƙo, a ajiye a zafin ɗaki ana girgizawa lokaci-lokaci, a tace, a matse ragowar, a haɗa ruwan biyu. Kundin Amurka ya ce kwana 3, tsohon kundin Birtaniya kwana 7. Ma'aunin da aka fi sani shi ne kashi ɗaya na tsiro ga kashi 5 na abin jiƙo, ko ga kashi 10 in tsiron mai ƙarfi ne.

Ruwan sanyi ya fi dacewa da abin da ke da yauƙi, kamar saiwar altiya da ake jiƙawa a Turai don kaushin maƙogwaro, da abin da zafi ke lalatawa. Yana kuma barin yawancin bauri a baya, abin da masu jiƙa kofi a ruwan sanyi awa 12 zuwa 24 ke nema ke nan. Illarsa babba ce: ba ya kashe ko ƙwayar cuta ɗaya da ta zo a jikin tsiron, sai ma ya ba ta abinci. Ruwa ba ya tsami banza. Jiƙon sanyi na dare ɗaya ne, in so samu ne a firji, washegari a yi amfani da shi, ragowar a zubar.

Labarin da ya fi nuna abin da zafi ke iya ɓatawa daga Sin ya fito. A 1967 gwamnatin ƙasar ta kafa wani shiri na neman maganin zazzaɓin cizon sauro, a 1969 aka sa masaniya Tu Youyou ta jagoranci wata tawaga a cikinsa. Sun gwada wani nau'in tazargade ta hanyar dafawa, sakamakon ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Sai ta koma ga rubutun likita Ge Hong na ƙarni na 4, ta ga ya ce a jiƙa danƙi guda na ganyen a ruwa, a matse, a sha. Bai ambaci wuta ba. Tu Youyou ta sauya zuwa ether, wani sinadari mai tafasa a wajen digiri 35, kuma a Oktoban 1971 samfurinta na 191 ya kashe ƙwayar cutar gaba ɗaya a jikin ɓeraye. Daga nan maganin atemisinin ya samo asali, ta kuma karɓi kyautar Nobel a 2015. Sai dai a lura, ba da ruwan sanyi ta yi nasara ba, domin atemisinin da ƙyar yake narkewa a ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2019 cewa ba ta goyon bayan amfani da ganyen, ko a shayi ko a jiƙo, wajen magance zazzaɓin ko riga-kafinsa, saboda ba a sanin yawan maganin da ke cikin kofi, kuma shan ƙasa da kima yana koya wa ƙwayar cutar jurewa.

Ruwan zafi da ake kwarara wa ganye a rufe, minti 5 zuwa 15, shi ne na ganye da fure masu laushi, irin su na'a-na'a da babunaj. Murfin ba ado ba ne, ƙamshin da ke cika ɗaki daga kofin ya gudu. Sassaƙe da saiwa da iri mai tauri kuwa ba sa jin wannan lallashi, sai an fara su a ruwan sanyi an bar su suna ɓararraka a ƙaramar wuta minti 15 zuwa 30. Kuɗin da ake biya shi ne ƙamshi ya tafi, bauri ya zo da yawa. Duk biyun na yau ne, ba na ajiya ba. A ganina, ga mafi yawan mutane da mafi yawan buƙatu, a nan ya kamata a tsaya, domin ƙarancin ƙarfin ruwa shi kansa kariya ne.

Barasa ce masu haɗa magani suka fi dogara da ita, kuma dalilinsu a fili yake. In an sirka ta da ruwa tana narkar da abin da ruwa ke ɗauka da wanda mai ke ɗauka, sannan daga wajen kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ƙwayoyin cuta ba sa iya yaɗuwa a cikinta, don haka jiƙon yakan yi shekaru. Yawancin ganye da saiwa kashi 40 zuwa 60 ya ishe su, ƙaro irin na mur sai kashi 90. Ɗanyen ganye yana zuwa da ruwansa, sau da yawa fiye da kashi 70 na nauyinsa, saboda haka yana sirka barasar ba tare da mai jiƙon ya ankara ba. Ko ruwan banila da ake sa wa kek jiƙon barasa ne, dokar Amurka ta ce kada ya gaza kashi 35.

Ƙarfin nan nata shi ne kuma abin tsoro. Likitan Ingila Thomas Sydenham ya jiƙa ofiyom da za'afaran da kirfa da kanumfari a giyar sheri a ƙarni na 17, aka sami lodanam, wanda ya kashe raɗaɗin mutane da yawa, ya kuma jefa da yawa cikin jaraba har ƙarni na 19. Barasa tana tattara guba kamar yadda take tattara magani, kuma kwalbar gida ba ta da ma'aunin da zai gaya maka nawa ke cikin cokali. Ba ta dace da yara ba, ko mai juna biyu, ko mai ciwon hanta, ko mai shan wasu magunguna irin su metronidazol, balle wanda addininsa ya hana. Sannan ba kowace barasa ce ta sha ba. Ta goge-goge da ta ƙonawa sukan ƙunshi metanol, wanda cokali ɗaya ko biyu kan iya makantar da mutum. A Amurka a 1930, wani jiƙon citta da ake sayarwa a matsayin magani, wanda aka gurɓata da wani sinadarin masana'anta, ya shanye ƙafafun dubban mutane.

Wanda ya guje wa barasa yana da zaɓi biyu, kuma gara ya sani tun farko cewa ba su kai ta ba. Gilisarin, wani ruwa mai kauri, yana da zaƙi, yana jan tanin da launi sosai, amma ƙaro da man ƙamshi kaɗan yake taɓawa. Sai ya wuce rabin haɗin sannan yake hana lalacewa. Abin kiyayewa a wurinsa shi ne tsabta: gilisarin da aka gurɓata da dayetilin gilaikol ya kashe yara da dama a Haiti a 1995 da 1996, ya sake kashe mutane a Panama a 2006, duk ta hanyar magungunan ruwa. Wanda aka tantance don magani ko abinci kaɗai ake saya. Khal mai tsamin kashi 5 ya fi sauƙin samu, yana ajiyuwa watanni, ya dace da kayan ƙamshin girki, sai dai ɗanɗanonsa yana danne na tsiron, yana kuma cin murfin ƙarfe.

Mai nasa fagen daban ne. Yajin barkono, jan launin wasu furanni da man ƙamshi duk sun fi son maiƙo, shi ya sa masu turare a garin Grasse na Faransa suka daɗe suna jiƙa fure a narkakken kitse. In man shafawa ake so, ba abin da ya kai shi. Sharaɗinsa ɗaya ne mai tsauri, tsiron ya bushe ƙayau. Ɗanyen abu a ƙarƙashin mai yana da ruwa, ba iska, ba tsami, wurin da ƙwayar botulinom ke so ke nan. A Bankuba ta Kanada a 1985 mutum 36 suka kamu da gubarta daga yankakkiyar tafarnuwa da aka ajiye cikin mai. Gubar ba lalle ta sauya wari ko ɗanɗano ba, don haka hanci ba zai cece ka ba. Masana'antu suna ƙara tsami har ma'aunin tsami na pH ya sauka ƙasa da 4.6, inda ƙwayar ba ta iya girma. A gida, man tafarnuwa ko na ɗanyen ganye firji ne wurinsa, kuma na 'yan kwanaki kawai.

Saura tambayar da ta fi yaudarar mutane, ko daɗewa na ƙara ƙarfi. Jiƙo yana tafiya ne har ƙarfin ruwan da ke cikin tsiron ya yi daidai da na waje, daga nan ya tsaya cik. Wata uku a kan kwana goma ba ya ƙara abin da ake nema, sai dai ya ba masu jinkirin fita, wato ɗaci da bauri, damar isowa. Kuma in ragowar tsiron ta riƙe kashi ɗaya cikin biyar na ruwan, to kashi ɗaya cikin biyar na maganin ya tafi da ita bola. Dabarar da ta fi ita ce a raba abin jiƙon gida biyu, a jiƙa da rabi a tace a matse, a sake jiƙawa da sabon rabin. Masana'antu sun kai wannan tunani ƙarshensa da hanyar ɗigo, inda ake cusa garin tsiron a dogon mazubi, sabon ruwa yana shiga ta sama yana ɗiga ta ƙasa har ya tatse shi sarai. Ta fi sauri, ta fi tatsa, amma tana son gwaninta. In garin ya yi laushi da yawa ya toshe, in an cusa shi ba daidai ba ruwan ya haƙa hanya ɗaya ya bi ta, ya bar sauran a bushe. Abu mai yauƙi ko ƙaro ba ya ɗiguwa ma sam. Na'urar da Franz von Soxhlet ya ƙera a 1879 tana maimaita wankin da kanta, sai dai tana dafa abin da ta tatso awoyi da yawa, wato dai matsalar da Tu Youyou ta guje wa.

## Inda jiƙo ya zama cuta

Fata ma abu ce da ruwa ke tausasawa, kuma mai haɗa jiƙo a gida yakan faɗa wannan rami in ya tsoma ƙyalle a ruwan maganinsa ya ɗaure a kan miki ya kwana da shi. Saman fata matattun ƙwayoyin halitta ne da maiƙo ya liƙe su. In suka daɗe a jiƙe sai su kumbura, liƙin ya saki, fatar ta yi fari ta yi taushi, gogayya kaɗan ta yage ta, ƙwayoyin cuta da fumfuna su sami ƙofa. Shi ne abin da ke faruwa a ƙarƙashin kunzugun jariri, a matsematsin mai ƙiba, da jikin majinyacin da ba ya iya riƙe fitsari. Sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya da suka yi kwanaki a ramuka cikin jiƙaƙƙun takalma da sanyi, wasunsu sai da aka yanke musu ƙafa. A ɗakin haihuwa ma ungozoma tana duba wannan alama a jikin jaririn da aka haifa ba rai: in fatarsa ta fara saɓulewa, ya rasu tun awoyi ko kwanaki kafin haihuwa, in kuwa lafiya lau take, an fi zaton a lokacin naƙuda abin ya faru, kuma wannan bambanci yana nuna wa asibiti inda zai gyara.

Da za a ce to a bar miki ya bushe, nan ma an kauce. A 1962 masanin Birtaniya George Winter ya nuna a jikin aladu cewa raunin da aka rufe ya zauna da ɗan danshi yana yin sabuwar fata kusan ninki biyu da sauri a kan wanda aka bari ya yi ɓawo. Abin da ake so shi ne cikin mikin da laima, gefensa a bushe, kuma yawan ruwan da ciwon ke fitarwa shi ke zaɓar abin rufewa.

Miki mai zubar ruwa sosai yana son abin da ke sha: aljinet, wanda ake yi da ciyawar teku, ko bandeji mai soso. In aka liƙa masa siririyar leda mai manne wadda ba ta shan komai, ruwan zai taru ya jiƙa lafiyayyar fatar da ke kewaye, mikin ya ƙara faɗi. Busasshen miki kuwa akasin haka yake so, jel mai ruwa da zai tausasa shi, domin aljinet a kansa mannewa zai yi. Haidirokoloid yana tsakiya, ya dace da ciwo mai ɗan ruwa wanda ba ya ɗauke da cuta. Gozi, wato yadin bandeji na yau da kullum, yana sha amma ba ya riƙewa, da ya jiƙe ya zama shi ne matsalar, sai an yawaita sauya shi. Man zinki da aka shafa siriri a kewayen mikin, ba a cikinsa ba, yana kare gefen.

Alamar da za ta gaya maka zaɓin bai yi ba ita ce farin zobe mai taushi a bakin mikin in an buɗe. A ƙara yawan sauyawa ko a koma abin da ya fi sha. In kuwa aka ga ja yana yaɗuwa, ko wari, ko mugunya, ko zazzaɓi, maganar ta wuce bandeji, ta asibiti ce. Mai ciwon sukari shi ya fi kowa buƙatar kiyayewa, domin jijiyoyin ƙafarsa kan mutu har ya kasa jin zafin ruwa ko tsagewar fata. Shi ya sa likitoci ke hana shi tsoma ƙafa a ruwa na dogon lokaci, ko da ruwan magani ne. Ya wanke da ruwan ɗumi, ya tsane sosai musamman tsakanin yatsu, ya shafa mai a sama da tafin ƙafa ban da tsakanin yatsun, ya kuma duba ƙafar kowace rana.